Baƙar Ƙwallon Azhari

Ranar da Rozlan ya cire wa ƙanin matarsa haƙori, ina durƙushe ina gyaran injin layi na sha ɗaya, don haka ƙarar na fara ji kafin in ga abin da ya faru. Ƙara ce irin ta an buga kwakwa da dutse. Da na ɗago sai na ga Azhari a ƙasa, hannunsa a baki, jini na bin tsakanin yatsunsa yana ɗiga a kan farar rigar ƙungiyarsu. Rozlan ne ya kama ƙeyarsa ya haɗa masa baki da gefen tebur.

"Kwalba ɗaya," in ji Rozlan yana goge hannu da tawul. "Ɗaya tak aka bar maka, tana tsaye tana jiranka, ka wuce ta kamar makaho. Tashi ka daina ɓata mana ƙasa."

Maza sun fi arba'in a wurin, Asabar ce da la'asar, amma ba wanda ya taso. Azhari ya tashi da kansa, ya tsinci haƙorin a ƙarƙashin kujera, ya sa a aljihu, ya cire takalmin wasa ya fita. Ni aka bar wa goge jinin.

Sunana Shamsudin, amma Pak Cik Sudin, wato Kawu Sudin, kowa ke ce mini. Shekarata ashirin da biyu ina huda ƙwallo ina shafa mai a gidan bolin da ke saman tsohuwar kasuwar bene a Kuantan, inda ake wasan mirgina ƙwallo a zubar da kwalabe. Kullum da safe ina tura inji ya wanke layukan katakon nan, ya shimfiɗa musu mai tun daga inda ake sakin ƙwallo har a ɗan wuce tsakiya, ya bar sauran a bushe zuwa inda kwalaben katako goma suke tsaye. Ƙwallo tana sulɓi ne a kan man, sai ta taka busasshen wuri ta kama ƙasa, ta lanƙwasa, ta faɗa wa kwalaben ta gefe. Wanda bai sani ba gani yake ƙarfi ne ke zubar da su.

Rozlan kam yana da ƙarfin, yana kuma da sanin. Kifi yake sayarwa a babbar kasuwa, da sara ɗaya yake raba kan kifin da ya kai cinyar mutum. Ƙwallonsa irin ta zamani ce da ake kira rezin, fatarta na shan mai kamar soyayyiyar ayaba. Yakan wurga ta can gefen dama har ka ce ta faɗa kwata, sai ta taka busasshen wuri ta juyo da fushi ta tarwatsa goman. Shekara tara kofin gidanmu bai bar hannunsa ba. A cikin shekarun nan ya fasa mana allon maki biyu, ya karya wa wani direban mota hanci, ni ma ya taɓa watsa mini tafasasshen shayi a wuya wai man da na shafa ya yi yawa. Mai gidan bai taɓa korarsa ba, don mutane shi suke zuwa kallo.

Azhari kuwa siriri ne, marar magana, injin jiragen masunta yake gyarawa a bakin kogi. Yayarsa Rokiah ce matar Rozlan, shi ya sa ya yi shekara shida a ƙungiyar Rozlan yana shan zagi yana haɗiyewa.

Bayan cire haƙorin sai da aka yi wata guda ban sa shi a ido ba. Ranar wata Laraba da hantsi, ba kowa a gidan sai ni, sai ga shi ya hau bene da buhun shinkafa a kafaɗa. Ya sauke a gaban shagona, ya zazzage ƙwallaye uku.

"Pak Cik, dukansu yuretan ne," ya ce. Iska na fita ta gurbin haƙorin in yana magana. "So nake in san bambancinsu a kan mai. Na shiga gasar kofi da sunana, ba na ƙungiyar kowa."

"Abang ɗinka, mijin yayarka, ya sani?"

"Zai gani a allo."

Na jujjuya su. Yuretan tsohon yayi ne, fatarsa ba ta shan mai, ba ya kuma juyowa da zafi irin na rezin. Ɗaya mai ruwan makuba ce, sabuwa fil, daga Kuala Lumpur ya yi odarta. Ɗaya koriya ce mai sheƙi, tauri kamar dutsen kogi. Ta ukun baƙa ce, tsohuwa, duk jikinta tabo, ya ce a ɗakin ajiyar wani gidan bolin da aka rufe a Kemaman ya tsinto ta. Na danna farce a jikinta, na ji ta ɗan fi sauran laushi, tsufa ya saki fatarta.

Na toshe tsoffin ramukan baƙar, washegari na huda duka ukun daidai yatsunsa. Da safiyar Juma'a na shafa wa layi na sha ɗaya sabon mai, irin shimfiɗar da za a yi ranar gasa, ƙafa talatin da bakwai. Kafin ya fara, na ɗauko wata rezin ta shago irin ta Rozlan na jefa sau biyu don in ji layin. Ta juyo yadda ya kamata, ta share goma duka biyun.

Koriyar ya fara jefawa. Ta tafi sambal kamar an ɗaura mata zare, ko da ta fita daga mai da ƙyar ta karkata.

"Wannan ta tsintar ragowa ce," na ce. "In kwalba ɗaya ta rage maka a lungu, ita za ka aika. Ajiye ta."

Mai ruwan makubar ta fi kyau a ido. Takan yi sulɓi har tsakiya, sannan ta fara lanƙwasa a hankali kamar jirgi zai shiga kogi, ta bugi kwalaben da ƙarfi. A jifa goma ya share goma sau shida. Ya kalle ni yana murmushi da giɓinsa.

Baƙar kuwa tun daga ƙafarsa ta fara kama ƙasa. Ba ta da sauri, ba ta da ado, tana mirginawa ne kamar tsohuwar saniya ta nufi rafi, ta bugi kwalaben da wata ƙara mai nauyi, tim. Wani lokaci su zube duka, wani lokaci ɗaya ta tsaya. Abin da na lura shi ne yadda take dawowa daga injin da ke mayar da ƙwallo: jiƙe sharkaf, zoben mai mai faɗi ya zagaye ta. Mai ruwan makubar siririn zobe take dawowa da shi, koriyar kusan babu.

"Ci gaba da baƙar," na ce.

Ya yi jifa goma sha biyar. Na ɗauki tocila na bi ta gefen kwata zuwa ƙarshen layin, na kwanta rubda ciki na haska. A wurin da ya kamata ya zama busasshe ƙayau, ga dogayen sawun mai nan suna ƙyalli, sun kusa kai gindin kwalabe. Baƙar ba ta shan mai, kwasowa take daga gaba ta je ta shafe a baya.

Na dawo na sake ɗaukar rezin ɗin, na jefa daidai inda na jefa da farko. Ta tafi gefen dama, ta isa inda za ta juyo, ta tarar da santsi, ta wuce abinta. Kwalba uku ta taɓa.

Azhari ya daina murmushi. "Sake jefawa, Pak Cik."

Na sake. Haka ta yi.

Muka tsaya muna kallon layin. Zan faɗi gaskiya, ba shi ya fara faɗa ba, ni ne.

"Mai ruwan makubar za ta kai ka wasan ƙarshe," na ce. "Amma ba za ta kayar da Rozlan ba. In kuka haɗu, layi ɗaya za ku raba. Ka ɗauko baƙar tun daga jifar gwaji, ka bi da ita ta inda tasa take juyowa. Kuma kada ka goge ta. Tawul ɗinka ya zauna a aljihu."

"Doka ta hana?"

"Ba dokar da ta ce dole mutum ya goge ƙwallonsa."

Ya daɗe yana shafa baƙar da tafin hannu. "In ya gane fa?"

"Rozlan? Shi da yake ganin Allah ne ya halicci layin don shi? Ni zai zaga, na saba."

Na karɓi baƙar na kai shago, na ƙara goge fatarta da takardar yashi mai kaushi don ta ƙara kwasar mai. Ina yi ina jin daɗi har cikin wuyana.

Gasar ta zo ranar Lahadi, sati biyu bayan nan. Azhari ya kayar da mutum huɗu da mai ruwan makubar, Rozlan ya kayar da nasa huɗun yana hamma. Bayan sallar azahar na shafa sabon mai a layi na sha ɗaya da na sha biyu, aka kira su wasan ƙarshe: wasa uku, wanda ya ci biyu ya ɗauki kofi. Jama'a sun cika har matakala. Rokiah na zaune a kujerar baya da babban fulas ɗin shayi a cinya, ita ke kawo wa ƙungiyar mijinta kowace gasa.

Rozlan ya ga baƙar ƙwallon a kan tiren inji, ya tuntsire da dariya.

"Ari, wannan daga kabarin wa ka tono ta? Ko kakarka ce ta bar maka gado?"

"Ita na samu, Abang."

"To ka yi a hankali kada ta mutu a hanya. Ka gama da wuri, yayarka ta yi mana miyar kan kifi. Na sa ta dafa maka naka ya yi laushi, tunda ba ka da abin tauna."

Mutane suka yi dariya, irin wadda ake yi don a zauna lafiya.

Wasan farko Rozlan ya ci ba wahala. Ƙwallonsa na juyowa tana fasa kwalabe kamar aradu, yana juyowa yana nuna wa jama'a damtse. Azhari yana ta mirgina baƙarsa, tim, tim, takwas, tara, yana tsintar ragowa da koriyar. Ko sau ɗaya tawul bai fito daga aljihunsa ba. Ina tsaye jikin ginshiƙi ina ganin baƙar tana dawowa tana naso.

A tsakiyar wasa na biyu abin ya fara. Rozlan ya jefa yadda ya saba, ƙwallon ta makara wurin juyowa, ta bar biyu a tsaye. Ya kalli hannunsa. Jifa ta gaba ta ƙara makara, ta bar huɗu a warwatse, irin waɗanda ba a iya haɗawa. Ya matsa dama, ya rage gudu, ya canza ƙwallo, duk a banza, kowace ta isa wurin sai ta zame kamar ta taka ɓawon ayaba. Ita kuwa baƙar ba ruwanta, tunda da ma tun daga gaba take kama ƙasa. Azhari ya share goma sau huɗu a jere. Ya ci wasa na biyu.

Rozlan ya kai wa tiren inji shuri har murfin ya tsage. Wuyansa ya kumbura, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa. Ba wanda ya ƙara dariya.

A jifa ta shida ta wasa na uku, ƙwallonsa ta wuce kwalbar gaba gaba ɗaya, abin da ban taɓa gani ba a shekara tara. Bai ko jira ya ga nawa suka faɗi ba. Ya juyo, idonsa ya sauka a kaina.

Taku huɗu ya yi. Ya shaƙo wuyana da hannu ɗaya, ya ɗaga ni ya buga bayana da ginshiƙin, ƙeyata ta daki siminti har na ga wuta. Hannunsa na ƙarnin kifi da mai.

"Me ka zuba a layin, tsohon banza?"

Na yi ƙoƙarin magana, iska ta ƙi fita. Ya sake buga ni da ginshiƙin. Na ji wani abu ya motsa a maƙogwarona, ƙafafuna na lilo ba sa taɓa ƙasa. Babban yatsansa ya nutse a ƙarƙashin haɓata. Ina ganin fuskokin mutane a bayansa, waɗanda na huda wa ƙwallo shekara da shekaru, kowa ya ƙame.

"Zan ƙirga uku in karya shi. Me ka zuba?"

Ya ɗan sassauta don in amsa. Na ja iska, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ba ni ba ne. Baƙar ce. Ita ke jan mai. Da gangan ba ya goge ta."

Ya sake ni na zube.

Azhari na tsaye a bakin tiren inji, shi ke da jifa, ya ɗora hannun dama a kan baƙar zai ɗauka. Bai matsa ba. Rozlan ya isa gare shi, ya damƙe wuyan hannun ya danne shi a kan baƙar ƙwallon, yatsun a shimfiɗe. Da ɗaya hannun ya sunkuci tasa ƙwallon, kilo bakwai, ya ɗaga sama da kansa.

"Abang," in ji Azhari. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Rozlan ya sauke ta. Ƙarar ba ta da girma, kamar an taka busasshiyar ƙaguwa. Ya sake ɗagawa ya sake saukewa. A karo na biyu jini ya yi tsalle har kan allon maki. Azhari bai yi ihu ba, sai ya rataye a hannun Rozlan, bakinsa a buɗe.

Zai ɗaga na uku Rokiah ta iso. Ta riƙe fulas ɗin da hannu biyu ta maka masa a kunne. Fulas ɗin ya fashe, shayi mai zafi ya wanke masa rabin fuska. Ya saki Azhari ya kai mata bayan hannu, ta faɗa kan kujeru. Sai a lokacin maza uku suka yi ta maza suka rufe shi. Ya watsar da su kamar kaji, ɗaya ya tashi da fasasshen gira.

Ni na ja jiki na miƙe ina tari. Ya hango ni.

"Kai ka koya masa," ya ce. Muryarsa a kwance take, shi ya fi ba ni tsoro. "Wannan sakaran bai da wannan wayon. Kai ne."

Ya nufo ni, ƙwallon na hannunsa tana ɗigar jini. Bayana bango ne, dama da hagu mutane, gabana shi. Hanya ɗaya ta rage. Na tsallake layin iyaka na bi ta kan siririn dakalin da ke tsakanin kwata biyu, inda nake bi kullum da tocila, na nufi wajen kwalabe da gudu. Shi bai taɓa tsallake layin nan ba a rayuwarsa, ɗan wasa ba ya tsallakewa. Ya biyo ni ta tsakiyar layi na sha ɗaya, inda man ya fi kauri.

Taku biyu ya samu. A na uku ƙafafunsa suka tashi sama gaba ɗaya. Ƙeyarsa ce ta fara sauka a katako, ƙarar ta cika gidan. Ƙwallon ta kuɓuce daga hannunsa, ta yi sama kaɗan, ta dawo ta sauka a kan muƙamuƙinsa, ta gangara kwata.

Ya kwanta yana wani gurnani, haɓarsa ta karkace gefe, jini na fita ta kunne. Ya yunƙura zai tashi, hannunsa ya zame a man, ya koma.

Abin da ya biyo baya ba na alfahari da shi. Mazan nan da suka yi shekara tara suna dariyar dole suka taso gaba ɗaya. Suka shiga layin suna zamewa suna riƙe juna, suka rufe shi da shuri. Direban da ya taɓa karya wa hanci ya cire bel yana zabga masa ta wajen ƙarfen. Wani ya tattaka masa hannu. Ni ma na dawo. Na shure shi sau biyu a haƙarƙari, na ji ɗaya ya ba da kai a ƙarƙashin takalmina.

Rokiah ce ta tsayar da mu. Ta riga ta cire ɗankwalinta ta naɗe hannun ƙaninta, kanta a buɗe a gaban maza, leɓenta a fashe. Ta rarrafo a kan man da gwiwa, ta kifa jikinta a kan mijinta.

"Ya isa," ta ce. "Lokacin da yake tsaye ina kuke? Ku matsa. Wani ya kira mota, ƙanina jini yake zubarwa."

Muka matsa. Ba wanda ya iya kallon ta.

A asibiti suka yanke wa Azhari yatsu biyu, na tsakiya da mai bi masa, waɗanda ake sawa a ramin ƙwallo. Likita ya ce ƙashin ya zama gari, ba abin da za a haɗa. Manuniyar ta tsira amma ta sandare. Rozlan ya yi sati shida kwance, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, haƙarƙari uku a karye, kunnen hagu ya daina ji. Daga gadon asibiti aka wuce da shi kotu, aka ba shi shekara huɗu. Na ba da shaida da muryar da ba ta ƙara komawa daidai ba har yau. Na faɗi shaƙar da ya yi mini, na faɗi yadda ya daki hannun. Da aka tambayi wanda ya karya masa haƙarƙari, mutum arba'in suka ce faɗuwa ce. Ni ma haka na ce.

Mai gidan ya sa aka canza murfin tiren, aka soke gasar shekarar, kofin yana cikin kabad ba a ba kowa ba. 'Yan sanda sun tafi da ƙwallayen biyu ba su dawo da su ba. Rokiah ta karɓi rumfar kifin tana sara da kanta. Ta koma gidan ƙaninta da zama, amma duk wata tana hawa mota ta kai wa mijinta ziyara. Mutane sun yi ta surutu a kan haka, ba ta tanka wa kowa ba. Azhari ya bar gyaran inji, ƙananan kusoshi sun fi ƙarfin hannunsa, yanzu mai yake sayar wa masunta a jarka.

Ban je asibiti ba. Sau biyu ina isa ƙofa ina juyowa. Sai da ƙaramar Sallah ta zo, wata bakwai bayan abin, na sa sababbin kaya na hau babur zuwa gidansa a bakin kogi. Na tarar da shi a baranda yana fama da gorar lemang, wato shinkafar da ake dafawa a cikin gora, ya danne ta da gwiwa yana son tsaga ta da hannun hagu.

Na yi sallama, ya miƙo mini hannun dama yadda aka saba. Na riƙe shi da hannu biyu. Wurin yatsun ya warke sumul, fatar na sheƙi.

"Azhari, na zo neman gafara, ta zahiri da ta ɓoye," na ce. "Ni na faɗa masa. Ban sani ba ko ka..."

"Na ji ka, Pak Cik. Taku nawa ne tsakaninmu?"

Na sunkuyar da kai.

"Na daɗe ina jin haushinka," ya ce. "A asibiti in na rufe ido muryarka nake ji, ba tasa ba. Amma na yi ta juya abin. Na ga lokacin da ya sake ka, na ga ya nufo ni. Ina da lokacin janye hannuna in bi ta bayan kujeru. Sai na ji ba zan iya ƙara ja da baya a gabansa ba, ko sau ɗaya. To ka ga ba kai kaɗai ba ne." Ya zare hannunsa daga nawa. "Na yafe. Ban ce na manta ba."

"Na gode."

"Da mun ƙarasa wasan, da na ci?"

"Kana gaba da maki talatin da ɗaya, saura jifa huɗu. Layin ya riga ya mutu masa. Da ka ci."

Ya gyaɗa kai a hankali, yana kallon kogi. Can ya turo mini gorar da wuƙar.

"Tsaga mana wannan, tun safe nake kokawa da ita."

Na tsaga, na yanka shinkafar ƙawanya-ƙawanya a faranti. Rokiah ta fito da kwanon nama ta ajiye a tsakaninmu. Na gaishe ta da Sallah, na ce ta yafe mini. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wa ƙaninta ya ci da zafinsa, ta koma ciki ta saki labule. Muka ci mu biyu, shi da hagu, ba mu ƙara maganar bolin ba. Da aka kira azahar na yi masa sallama na hau babur, don gidan zai buɗe da yamma saboda masu yawon Sallah, kuma ban shafa mai ba tukuna.